Tsakanin Kyan Gani da Iya Tashi: Nazarin Haɗa Samfurin Rokar Saturn V

A shekarar 2019, lokacin da aka cika shekara 50 da tafiyar Apollo 11 zuwa duniyar wata, kamfanin Estes da ke garin Penrose a jihar Kolorado ta Amurka ya sake fito da ɗaya daga cikin fitattun kayansa, wato samfurin rokar Saturn V wanda aka rage shi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na girman ta gaskiya. Rokar da ta tashi daga cibiyar Kennedy ranar 16 ga Yuli 1969 tsayinta ya ɗan haura mita 110, kaurin gindinta kuma mita 10, don haka samfurin yakan tsaya wajen santimita 110, kaurinsa santimita 10. Ba a haɗe ake sayar da shi ba. Abin da mai saye ke tararwa a cikin kwali shi ne bututun takarda masu girma daban-daban, zobban kwali, siraran fallayen roba da aka matsa su suka ɗauki siffar jikin rokar, fukafukai huɗu, laimomin sauka, sitika, ɗan curin laka da littafin umarni. Sauran aikin na hannunsa ne, kuma kamfanin da kansa ya sanya wannan samfuri cikin rukunin mafi wahala.

Wannan nazari ya bi aikin mutum ɗaya, ɗan wata ƙungiyar masu harba ƙananan rokoki a Amurka, wanda ya riga ya haɗa ƙanana da dama kafin ya tunkari wannan. Burinsa biyu ne a lokaci guda: yana son samfurin ya yi kama da rokar Apollo 11 har mai kallo ya rasa abin kushewa, yana kuma son ya tashi sama ya sauko lafiya. Abin da aikin ya bayyana shi ne cewa waɗannan buri biyu ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa a wannan samfuri, domin duk abin da aka ƙara don ado nauyi ne, kuma nauyin sai an biya kuɗinsa a sama.

Ya kamata a fara kawar da wani zato. Mai haɗa irin wannan roka ba ya dama albarushi da hannunsa, kuma asalin sana'ar ma an gina shi ne a kan hana hakan. Wani mai sayar da takalma a jihar Nebraska, Orville Carlisle, shi ya ƙirƙiro ɗan ƙaramin injin da ake amfani da shi sau ɗaya a jefar, sannan shi da G. Harry Stine suka kafa NAR, ƙungiyar masu harba ƙananan rokoki ta Amurka, a 1957, a daidai lokacin da zumuɗin Sputnik, tauraron ɗan adam na farko da Tarayyar Sobiyet ta harba, ya sa samari suna cusa sinadarai a bututun ƙarfe suna ji wa kansu munanan raunuka. Vern Estes ya kafa kamfaninsa a 1958, ya kuma ƙera na'urar da ke buga injunan da yawa cikin tsari ɗaya. Tun daga nan aikin mai sha'awa ya koma na kafinta da tela da mai fenti, injin kuwa sai dai ya saya a rufe.

Makon farko ya tafi ne a kan abin da ba wanda zai gani bayan an gama. A cikin babban bututun akwai siririn bututu da ke riƙe injin, zobban kwali kuma su ne ke tsayar da shi a tsakiya. Idan ya karkace ko da kaɗan ne, turin injin zai bi ta gefe, rokar ta baude tun daga tashi. Mai haɗin ya yi amfani da gam irin na kafintoci, wanda ya fi dacewa da takarda da katako, sai dai ya zuba shi fiye da kima a kowace mahaɗa saboda tsoron kada wani abu ya ɓalle a sama. Wannan tsoro ne da kusan kowane sabon shiga ke da shi, kuma illarsa biyu ce: gam ɗin yana tsukewa idan ya bushe har ya jawo bangon bututu ya yi ɗan lotsawa a inda zoben yake, sannan duk wannan nauyi yana taruwa ne a gindi, inda ba a buƙatarsa ko kaɗan. A lokacin bai ɗora komai a sikeli ba.

Daga nan ya koma kan fatar bututun. Da yake naɗe takarda ake yi a karkace wajen ƙera shi, akwai siririn layi da ke zagaye shi daga sama har ƙasa, wanda ido ba ya damuwa da shi a kan ɗanyen kwali, amma da zarar farin fenti mai sheƙi ya hau sai ya fito ɓaro-ɓaro. Ana cike shi da fila irin ta katako da aka tsinka da ruwa, a bari ta bushe, a goge da samfefa mai laushi har sai abin da ya rage shi ne wanda ke cikin layin kawai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin masu gyaran jikin mota ya san wannan aiki, kuma ya san cewa gugar ta fi shafawar cin lokaci. Akwai kuma mazurari na takarda mai kauri tsakanin hawa na biyu da na uku (Saturn V hawa uku ce, ɗaya a kan ɗaya, kowanne da injinsa), wanda sai an yanke shi an lanƙwasa a hankali a kan wani abu mai zagaye kafin a manne bakinsa. Takardar da aka lanƙwasa da gaggawa takan karye ta bar tabo, kuma babu fentin da ke rufe wannan.

Wurin da aikin ya fara cije masa shi ne fallayen roba. Jikin Saturn V ba sumul yake ba: a mahaɗar hawa-hawa da tsakanin tankuna akwai dogayen haƙarƙari a jere da ke ƙarfafa bangon, kuma su ne ke ba rokar kamanninta. A samfurin, waɗannan haƙarƙari suna kan fallayen roba masu sirantar da ba ta fi ta katin gayyata ba, waɗanda ake yankewa daidai a naɗa su a jikin bututun. Matsalar farko ta awo ce, domin idan an rage fallen da yawa bakinsa ba zai haɗu ba, idan kuma an bar shi da tsawo zai hau kan juna ya yi tudu. Matsala ta biyu ta gam ce. Gam ɗin roba na yau da kullum aikinsa narkar da fuskar roba ne domin ɓangarori biyu su zama ɗaya, abin da ke da kyau a kan roba mai kauri, amma a kan falle siriri sai ya cinye shi. Mai haɗin ya san da haka, ya kuma yi amfani da gam na feshi a yawancin wuraren, amma da ya ga bakin falle ɗaya ya ɗago sai ya ɗiga masa wancan gam mai narkarwa don ya kwantar da shi. Washegari haƙarƙari uku sun narke sun zama kwari. Ya ɗauki kwanaki yana sake gina su da siraran yankan roba da fila, kuma gyaran ya yi kyau, amma shi ma ya ƙara nasa nauyin a ƙasan rokar.

Gam na feshi shi ma yana da nasa sharaɗi, wato ba ya ba da damar gyara. Da zarar fuska biyu sun taɓa juna sun kama ke nan. Abin da ya cece shi a sauran fallayen shi ne jan layi a tsaye da fensir a jikin bututun, ta hanyar jingina shi da kusurwar ƙofa, da gwada kowane falle a bushe sau da dama kafin a fesa komai. Wannan layi ɗaya shi ne ma'aunin komai daga baya, domin matsayin fukafukai da hanyoyin wayoyi da ke bin jikin rokar da iyakokin baƙin fenti duk daga gare shi ake auna su.

Fenti shi ne ya ci fiye da rabin lokacin aikin, kuma a nan ne ya dace a daɗe. Zanen fari da baƙi na Saturn V ba ado ba ne a asali. An yi shi ne domin kyamarorin da ke bin rokar daga ƙasa su iya gane ko tana juyawa a kan kanta da kuma yawan juyawar, dabarar da Wernher von Braun, Bajamushen da ya jagoranci ƙera Saturn V, da mutanensa suka taho da ita tun daga gwaje-gwajen rokar V-2 a Jamus. A jikin hawa na farko akwai baƙaƙen ratsi huɗu a tsaye, akwai wani tsarin a mahaɗar hawa na farko da na biyu, wani a mazurarin da ke ƙarƙashin hawa na uku, sannan sashen hidima na kumbon Apollo launin azurfa ne. Masu bin diddigi sun san cewa zanen ya ɗan bambanta daga wata roka zuwa wata, don haka wanda ya ce Apollo 11 yake kwaikwayo sai ya tsaya a kan hotunan wannan tafiya kaɗai.

Mai haɗin ya fara da fentin shimfiɗa mai ruwan toka, saboda yana tona duk wani rami da karce da ya saura. Hikimar fentin shimfiɗa ita ce a goge mafi yawansa bayan ya bushe, a bar shi a cikin ramuka kawai, amma a kan haƙarƙarin roba ba a iya guga sosai, don haka ya zauna a can da kaurinsa. Sannan farin fenti ba ya rufe toka da sauƙi, sai da ya yi shafe huɗu kafin launin ya daidaita. Da ya fara da farin fentin shimfiɗa, da shafe biyu sun wadatar. Kowane shafe a kan abu mai tsayin fiye da mita ɗaya nauyi ne da sikelin kicin zai nuna, kuma tunda mafi faɗin jikin rokar yana ƙasa, mafi yawan fentin ma can ya tare.

Kuskure na biyu a wajen fenti na rashin haƙuri ne. Yawancin fentin gwangwani na feshi suna da ƙa'ida a rubuce a jikinsu: ko dai a ƙara shafe cikin ɗan gajeren lokaci tun na farko bai kama ba, ko a jira kwana biyu ko fiye har ya bushe ciki da waje. Wanda ya fesa a tsakanin waɗannan lokuta biyu, sinadarin sabon fentin yakan ratsa busasshiyar fatar da ke sama ya tayar da ɗanyen da ke ƙasa, fuskar ta yamutse kamar fatar tsohuwar jaka. Haka ta faru a gefe ɗaya na hawa na biyu, inda ya fesa bayan kwana ɗaya saboda ya taɓa ya ji ya bushe. Tsofaffin hannu a wannan aiki ba da yatsa suke gwadawa ba, da hanci suke yi: muddin ana jin warin fenti idan an kusanto da shi, bai gama bushewa ba. Gyaran ya buƙaci jira na mako guda, guga har zuwa shimfiɗa, da sabon shafe.

A wajen baƙin fenti kuwa ya yi abin da ya dace, kuma sakamakon ya nuna. Salatif ba ya kwanciya a cikin kwarin da ke tsakanin haƙarƙari, saboda haka baƙin fenti yakan sulale ta ƙarƙashinsa ya ɓata farin da ke gefe. Ya yi amfani da siririn salatif na masu haɗa samfura, ya bi kowane kwari yana danna shi da tsinken sakace, sannan kafin ya fesa baƙi sai ya fara fesa ɗan farin a bakin salatif ɗin. Duk wata kafa da ta saura farin ne ya shige ta ya toshe, kuma fari a kan fari ba ya nuna. Da ya ɗaye salatif, iyakokin sun fito a miƙe kamar an ja su da rula. Sitikar ma, irin wadda ake jiƙawa a ruwa a zame ta a kan fenti, ta zauna lafiya saboda fuskar tana da sheƙi: jajayen haruffan USA da tutar Amurka a hawa na farko, sunan ƙasar a tsaye a hawa na biyu. Ya rufe duka da siririn shafe na fenti marar launi. A ganina wannan shafe na ƙarshe shi kaɗai ne ƙarin nauyin da ba za a yi masa gardama ba, tunda ba tare da shi ba sitikar za ta fara ɓarewa tun daga ɗauka ta farko zuwa fili.

Sai bayan duk wannan ya ɗora rokar a sikeli, kuma a nan lissafi ya fara magana. Injunan wannan sana'a suna da lamba mai sassa uku. A D12-3, harafin yana nuna jimillar ƙarfin da injin zai bayar, kuma kowane harafi ninki biyu ne na harafin da ya gabace shi. 12 matsakaicin turi ne a ma'aunin ƙarfi da ake kira niyuton. 3 kuma daƙiƙun da za su wuce bayan wutar ta ƙare kafin ɗan ƙaramin albarushin da ke sama ya tura laima waje. Jadawalin kamfanin ya sa iyakar nauyin da D12-3 zai ɗaga a kusan gram 400. Ƙa'idar da masu harbi ke bi ita ce turi ya ninka nauyi sau biyar domin roka ta bar sandar harbi da saurin da fukafukanta za su fara aiki, alhali roka mai gram 400 a kan wannan inji ninki uku kawai take samu a matsakaici, abin da ke taimakonta shi ne ƙaƙƙarfan turin da injin ke yi a farkon kamawarsa. Rokar mai haɗin ta haura wannan iyaka tun ba a sa mata inji ba, don haka injunan D da ya tanada suka fita daga lissafi.

Yawan nauyin bai kai wurin da ya taru zama matsala ba. Roka marar matuƙi tana tafiya daidai ne idan cibiyar nauyinta tana gaba da cibiyar matsin iska, wato wurin da turin iska a jikinta ke daidaita, kamar yadda kibiyar maharbi ke bin ƙarfen bakinta. James Barrowman na hukumar NASA ya fitar da lissafin gano cibiyar matsin iska a 1966, kuma ƙa'idar da aka saba da ita ita ce tazarar da ke tsakanin cibiyoyin biyu ta kai aƙalla kaurin rokar, wato santimita 10 a wannan samfuri. Saturn V ta gaskiya ba ta dogara da wannan ba: huɗu daga cikin injunanta biyar na F-1 suna karkata bisa umarnin kwamfutar da ke cikin zoben da kamfanin IBM ya haɗa a saman hawa na uku, fukafukanta kuma ƙanana ne ƙwarai idan aka kwatanta da jikinta. Samfurin ya gaji siffar, bai gaji kwamfutar ba. Shi ya sa aka tura mazaunin injin ɗan ciki daga gindi, aka sa bakunan F-1 na ado su zama abin cirewa kafin harbi, aka kuma haɗa da laka don a cusa a hanci.

Mai haɗin ya sa inji da laimomi da komai kamar za a harba, ya ɗora rokar a kan kaifin rula ya nemo inda take daidaita, sannan ya shigar da awonta cikin OpenRocket, manhajar kyauta ta lissafin tashin ƙananan rokoki da Sampo Niskanen ya fara rubutawa a matsayin aikin digirinsa na biyu a ƙasar Finlan. Tazarar ba ta kai ba. Gam da fila da fentin da suka taru a ƙasa sun ja cibiyar nauyi baya, injin E da dole ya koma gare shi kuma ya fi D tsawo da nauyi, wanda ya ƙara ja da ita. Maganin nauyin da ya yi yawa a gindi sai ya zama ƙarin nauyi a hanci: ya cusa laka fiye da wadda ta zo a kwalin cikin kumbon da ke sama, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan yana sake aunawa, har tazarar ta kai. Rokar ta daidaita, amma ta ƙara nauyi a karo na ƙarshe, kuma sashen sama da zai sauko da laimarsa daban ya zama mai saurin faɗuwa fiye da yadda aka tsara.

Ranar harbi ya bi dokokin NAR kamar kowa a filin: kunnawa da lantarki daga nesa, tazarar aƙalla ƙafa 30 ga injin da ya wuce D, sanda da ba ta karkata fiye da digiri 30 daga tsaye ba, da hana harbi idan gudun iska ya wuce mil 20 a awa. Ga wannan roka dokar iskar ta yi sassauci da yawa, domin mai nauyi da ke barin sanda a hankali iska kaɗan ma takan juya hancinta zuwa inda take busowa. Ya nemi doguwar sanda mai kauri, ya jira har tutar filin ta kwanta, ya cusa takardar da ba ta kama wuta tsakanin inji da laimomi, ya barbaɗa wa laimomin hoda don kada robarsu ta manne.

Rokar ta tashi a hankali, irin tashin da ƙananan rokoki masu fizga kamar harsashi ba sa yi, kuma wannan jinkiri shi ne ya fi komai kama da hotunan 1969. Ta ɗan sunkuya wajen iska a rabin hanya, ba ta yi nisa sosai ba, laimomi suka fito jim kaɗan bayan ta fara juyowa. Babban jikin ya sauko a ƙarƙashin laimominsa biyu ya dira a kan fiffike ɗaya, murfin robar da ke gindin fiffiken ya tsage. Sashen sama an ɗaure shi ne da zare ta yadda zai sauko a kwance don kare siririyar hasumiyar tsira da ke ƙololuwarsa, wadda a rokar gaskiya ke fizge kumbon 'yan sama jannati idan an samu haɗari, amma lakar da aka ƙara ta rinjayi hancin ƙasa, hasumiyar ta fara taɓa ciyawa ƙafafunta biyu suka karye.

Gyaran bai ɗauki fiye da maraice biyu ba. Ya manne hasumiyar, ya matsar da maɗaurin zaren gaba zuwa sabuwar cibiyar nauyin sashen, ya liƙa ɗan yankin roba ta cikin murfin da ya tsage. Tsagar tana nan a bayyane a kan farin fentin ga wanda ya matso kusa, domin da ya ɗauko gwangwanin feshi zai rufe ta, sai ya fara ɗora rokar a sikeli, ya duba lambar, ya mayar da gwangwanin cikin kabad.